Hannun Askari a Titunan Jidda

Duk wanda ya taɓa sauka a Jidda, ko da niyyar aikin Hajji ko da niyyar fatauci, zai iya tuna sa'ad da direban motar da ya shiga ya hango askari a gefen titi, ya sassauta gudu tun ba a ce masa kome ba, hira ta ɗauke a cikin mota. In askarin ya kau da kai, sai a yi ajiyar zuciya a wuce. In kuwa ya ɗaga hannu, to, daga nan har lokacin da zai mayar wa direba takardunsa babu mai iya cewa ga yadda za a ƙare. Mai yiwuwa ne a yi gargaɗi a sallama, mai yiwuwa a rubuta tara, mai yiwuwa kuma a kwana a caji ofis. Tarihin wannan ɗan taƙaitaccen lokaci nake so mu bi, watau mu ga iyakar abin da aka bar wa mai kaki ya yanke bisa ganin damarsa a kan titi, da kuma dokokin da aka ɗauke masa shi kansa in yana bakin aiki. Na zaɓi Jidda domin a can an ga abubuwan nan biyu sun kai maƙura, aka kuma ga an rage su cikin 'yan shekaru kaɗan.

Kafin zuwan mota, mutumin kirki yana iya tsufa bai taɓa yin doguwar magana da ɗan sanda ba. Mota ce ta sake wannan. A watan Janairu na 1896, a gundumar Kent ta Ingila, wani ɗan sanda ya bi wani mai suna Walter Arnold a kan keke har ya cim masa, saboda yana gudun mil 8 a sa'a inda doka ta ce mil 2, aka ci shi tarar sule ɗaya. Tun daga lokacin dokokin hanya suka yi ta yawa, har ya zama da wuya direba ya yi tafiyar rabin sa'a bai karya ko ɗaya ba. Tun da yake ba shi yiwuwa a kama kowa, tilas ɗan sanda ya zaɓi wanda zai tsayar da wanda zai ƙyale. Wannan zaɓi shi ne ainihin ikonsa, ya ma fi sanda da bindiga amfani a gare shi.

Jidda ta shiga hannun Sarki Abdul'aziz ɗan Sa'ud a watan Disamba na 1925, bayan an yi wata da watanni ana kewaye da ita. A lokacin ƙaramin gari ne a cikin ganuwa, mafi yawan alhazai kuwa a kan raƙuma suke yin tafiyar nan ta wajen mil 45 zuwa Makka. Sabon Sarkin ya buɗe hanya ga motocin ɗaukar alhazai, har ma Baturen nan St John Philby, wanda ya zama ɗan majalisarsa, ya zauna a Jidda yana dillancin motocin Ford. Aka sami man fetur a 1938. A 1947 aka rushe ganuwar garin, wanda jama'arsa a lokacin ba su wuce wajen 30,000 ba. Da kuɗin mai ya hau a 1973, sai gari ya miƙe yana bin gaɓar teku. A zamanin magajin gari Muhammad Sa'id Farsi aka shimfiɗa titin bakin teku da manyan shataletale, ciki har da mai ƙaton keken nan da alhazanmu suke kwatance da shi. Yau mutanen Jidda sun haura miliyan 3. An kafa cikakkiyar dokar hanya ta ƙasa a 1971, aka sake ta da wata a 2007.

Har zuwa tsakiyar shekarun 1980 a Jidda ofisoshin jakadanci suke, saboda haka askarawan garin sun daɗe da sanin cewa akwai motocin da lambarsu kaɗai ta isa ta sa a sauke hannu, gama yarjejeniyar Viyana ta 1961 ta hana a kama jakada ko a gurfanar da shi. Sun kuma san abin da Larabawa ke kira wasɗa, abin da mu muke kira hanya ko alfarma. Wannan dai ba baƙon abu ba ne ga mutumin Kano ko na Maraɗi, ba sai na tsaya a kansa ba.

Abin da ya bambanta titunan Sa'udiyya da na sauran ƙasashe a da shi ne hukuma biyu ce take tsaye a kansu. Ga 'yan sanda, da sashensu na kula da hanya da ake kira Murur, ga kuma Hukumar Umurni da Kyakkyawa da Hani da Mummuna, wadda ake taƙaitawa a ce Hai'a, kwatankwacin Hisba a wurinmu. Asalinta a Hijaz abin lura ne. A lokacin Hajjin 1926, mayaƙan Ikhwan na Najad suka tare ayarin Mahmal na Masar a Mina, domin sojojin da ke rakiyarsa suna busa, su kuwa sun ɗauki wannan bidi'a ce. Suka yi jifa, sojojin Masar suka buɗe wuta, mutane da dama suka mutu. Bayan wannan ne Sarki ya kafa kwamitin umurni da hani a Makka, masana tarihi kuwa suna ganin ɗaya daga cikin dalilansa shi ne ya karɓe aikin daga hannun duk wani mai zafin kai, ya sa shi ƙarƙashin gwamnati. Ashe ke nan an haifi Hai'a ne domin a sa wa ganin dama linzami. A 1976 aka haɗa reshen Hijaz da na Najad ƙarƙashin shugaba ɗaya mai muƙamin minista, bayan mamaye Masallacin Ka'aba da Juhaiman da mutanensa suka yi a 1979 kuwa aka ƙara sakar mata mara. Mutanen Jidda sukan yi alfahari da cewa garinsu daban yake, gaskiya ne kuma hannun Hai'a bai yi nauyi a can kamar a Riyad ba, amma fa yana nan.

Babu inda ikon ganin dama ya fito fili kamar a maganar tuƙin mata. Mai karatu zai yi mamaki in ya ji cewa a cikin dokar hanya ta 1971, har da ta 2007, babu sakin layin da ya ce mace kada ta tuƙa mota. Abin da ake yi a da shi ne ofishin Murur ba ya ba mace lasin, doka kuwa ta ce mazaunin ƙasa ba ya tuƙi sai da lasin ƙasa. Da wannan dabara aka rufe ƙofa ba tare da an rubuta cewa an rufe ta ba. A ƙauyuka da sahara matan Badawiyyai suna tuƙa a-kori-kura suna kai wa dabbobi ruwa, babu mai tanka musu. A birni kuwa sai abin da askarin da aka ci karo da shi ya gani.

Ran 6 ga Nuwamba 1990, watanni uku bayan Iraƙi ta mamaye Kuwait, lokacin da ake ganin sojojin Amurka mata suna tuƙa motocin soja a gabashin ƙasar, mata 47 suka sallami direbobinsu suka zaga titunan Riyad da kansu. Da yawansu malaman jami'a ne da suka sami lasin a ƙasashen waje. Aka tare su, aka kai su caji ofis, ba a sake su ba sai da mazajensu ko iyayensu suka sa hannu a takardar alkawari. Aka dakatar da ma'aikatan cikinsu daga aiki, aka karɓe musu fasfo. Sai bayan abin ya faru ne Shaihu Bin Baz ya ba da fatawa, Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida kuma ta fitar da sanarwar hani. Watau an hukunta su tukuna, sa'an nan aka nemo abin da za a ce sun karya. Gwamnan Riyad a lokacin shi ne Yarima Salman, sunan da za mu sake ji a gaba.

Shekara 21 bayan haka aka sake tayar da maganar. A watan Mayu na 2011 Manal al-Sharif, ma'aikaciyar kamfanin mai na Aramco, ta tuƙa mota a garin Khobar, aka ɗauki hotonta aka sa a YouTube, aka tsare ta kwana tara. Ran 17 ga Yuni mata da dama suka fito a garuruwa dabam-dabam. Abin da ya same su a ranar da kwanakin bayanta ya isa darasi ga duk mai nazarin shari'a. Wata ta wuce ta gaban askari ya yi kamar bai gan ta ba. Wata aka rubuta mata takardar tara kamar kowane direba marar lasin. Wata kuwa aka riƙe ta har sai da waliyyinta ya zo ya sa hannu. Laifi ɗaya, ƙasa ɗaya, mako ɗaya, amma hukunci ya dangana ga wanda yake aiki a wannan mararrabar.

A Jidda ne abin ya kai ƙarshensa. Wata mata da aka tare tana tuƙi a garin a watan Yuli, sai aka miƙa maganarta gaban alƙali, a ƙarshen Satumba ya yanke mata bulala goma. Kwana biyu ke nan da Sarki Abdullahi ya ba da sanarwar cewa mata za su shiga Majalisar Shura, su kuma yi zaɓen ƙananan hukumomi. Yaya aka yi alƙali ya yanke bulala a kan abin da dokar hanya ba ta ambata ba? Ta hanyar ta'aziri, watau hukuncin da shari'a ta bar wa alƙali ya ƙiyasta inda babu haddi. Ganin damar askari ne ya kai ta kotu, ganin damar alƙali ya yanke mata hukunci. Kashegari labari ya bazu cewa Sarki ya soke shi, wadda ta fara bazawa kuwa wata gimbiya ce a Twitter. Ba a yi mata bulalar ba. Amma in an duba da kyau, ita ma kuɓutar tata ganin dama ce ta uku, ta Sarki, domin babu harafi ɗaya na doka da ya sake a ranar. Ni a ganina wannan shi ne mafi munin hali da talaka zai sami kansa a ciki: dokar da aka rubuta, kome tsananinta, ana iya karanta ta, a san iyakarta, a yi jayayya da ita a kotu. Wadda ba a rubuta ba kuwa, iyakarta tana cikin zuciyar mai kaki. A 2013 shugaban Hai'a da kansa, Shaihu Abdulladif Al al-Shaikh, ya faɗa wa manema labarai cewa babu nassin shari'a da ya hana mace tuƙi, amma duk da haka aka ci gaba da tarewa.

Sai mu juya ga ɗaya ɓangaren, watau abin da aka yafe wa jami'i in yana bakin aiki. Kusan kowace ƙasa ta yarda motar 'yan sanda, da ta asibiti, da ta 'yan kwana-kwana su ƙetare wasu dokoki, in ba haka ba ɓarawo ya tsere, gida ya ƙone. Yarjejeniyar Viyana ta 1968 kan zirga-zirgar motoci ta ce in irin wannan mota ta kunna jiniya da fitilarta ta musamman, sauran masu hanya su kauce, ƙasa kuma tana iya ɗauke wa direbanta bin wasu ƙa'idoji, amma da sharaɗin kada ya jefa rayukan jama'a cikin haɗari. A Ingila dokar 1984 ta ɗauke musu iyakar gudu ne kawai inda kiyaye ta zai kawo cikas ga aikin da aka fito yi a wannan lokaci, ɗan sandan da ya yi tuƙin ganganci kuwa ana iya gurfanar da shi kamar kowa. Manufa ita ce rangwamen na aikin ne, kaki kaɗai ba ya jawo shi. Mu da muka saba ganin ayarin manya suna kora mutane cikin kwata da jiniya, ko da kuwa biki za su, mun san yadda wannan sharaɗi yake saurin ɓacewa.

A Sa'udiyya rikicin ya taso ne a kan motocin Hai'a, waɗanda suke bin mutane a guje alhali ba a horar da direbobinsu kan wannan ba, laifin da suke bi dominsa kuwa sau da yawa bai taka kara ya karya ba. Da aka naɗa Shaihu Abdulladif a farkon 2012, ya hana mutanensa bin mota. Hanin bai kama ba. A watan Yuli na wannan shekara, a yankin Baha da ke kudu da Jidda, aka bi wani magidanci da iyalinsa bayan gardama kan ƙarar rediyon motarsa, motar ta faɗo daga gada, ya mutu, matarsa ta rasa hannu, 'ya'yansa suka ji rauni. Ran 23 ga Satumba 2013, ranar bikin ƙasa, aka bi wasu 'yan'uwa biyu a Riyad, motarsu ta faɗo daga gadar sama, ɗaya ya mutu nan take, ɗayan bayan 'yan kwanaki. Da can irin wannan labari yakan tsaya a unguwa. Yanzu kuwa kowa yana da waya mai ɗaukar hoto a aljihu, kafin gari ya waye ƙasa duk ta gani. A watan Afrilu na 2016 Majalisar Ministoci ta yanke magana: ɗan Hai'a ba shi da ikon bin kowa, ko tsayar da shi, ko kama shi, ko tambayarsa katin shaida. In ya ga abin ƙi, ya kai rahoto ga 'yan sanda. Shekara 90 cif bayan rigimar Mahmal, aka sake sa wa hukumar linzamin da aka kafa ta ta sa wa wasu.

Su ma 'yan sandan hanya an rage musu, amma ta wata fuska. A 2010 aka fara kafa na'urorin ɗaukar hoto a tituna, aka fara da Riyad, Jidda ta biyo baya. Sunan tsarin Sahir, watau wanda ba ya runtsawa, ko da yake a kunnen Bahaushe yana iya yin kama da kalmar mai sihiri, direbobi da yawa kuwa ba za su yi musun hakan ba. Na'ura tana karanta lambar motar da ta wuce kima ko ta ƙetare jar danja, saƙon tara ya iske mai ita a wayarsa. Ba ta jin magiya, ba ta san ɗan wane ba. Jama'a suka yi fushi ƙwarai. Aka riƙa rufe lambobin mota, aka farfasa na'urori, aka ƙona wasu motocin da ke ɗauke da su, malamai kuma suka yi muhawara kan ko ƙara tara ga wanda ya yi jinkirin biya ya shiga babin riba. Amma dalilin gwamnati mai ƙarfi ne: a 2016 kaɗai mutum fiye da 9,000 suka mutu a haɗarin mota a ƙasar, zuwa 2021 kuwa adadin ya sauko ƙasa da 7,000.

Ran 26 ga Satumba 2017, Salman ɗin nan na Riyad, wanda yanzu shi ne Sarki, ya ba da umurni a ba mata lasin. Abin lura, umurnin bai soke wani sakin layi na dokar hanya ba, sai dai ya ce a yi aiki da ita a kan maza da mata daidai. Da tsakar daren 24 ga Yuni 2018 mata suka fito titin Tahliya da na bakin teku a Jidda, aka ga hotunan askarawan Murur suna miƙa wa sababbin direbobi furanni. A daren nan Lujain al-Hazlul, wadda aka tsare kwana 73 tun daga ƙarshen 2014 saboda ta nemi shigowa da motarta daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, tana kurkuku tare da wasu da suka yi fafitikar, an sake kama su a watan Mayu. Ba ta fito ba sai a Fabrairun 2021. A 2020 Kotun Ƙoli ta hana yanke bulala a matsayin ta'aziri. A watan Afrilu na 2024 kuma aka ba da umurni daga fada a yafe rabin tarar hanya da ta taru a kan mutane. Sassaucin da a da ake roƙo a bakin tagar mota, yanzu daga sama yake saukowa, ga kowa a lokaci ɗaya, a ranar da mahukunta suka ga dama.

Saura mutum ɗaya da wannan canji bai taɓa sosai ba, shi ne baƙo. Tun ƙarnuka da dama mutanenmu suke zuwa Hijaz a ƙasa, ta Cadi da Sudan, su ƙetare Bahar Maliya, wasu su koma, wasu su zauna, ana kiransu Takari. A unguwannin kudancin Jidda irin su Karantina akwai waɗanda a can aka haife su, a can aka haifi iyayensu, amma ba su da takardar zama, wadda ake kira igama. Ga irin wannan mutum, in askari ya ɗaga hannu, maganar gudu ko ɗamarar kujera hanyar buɗe zance ce kawai, tambayar da ke tafe ita ce ta igama. Ba a Sa'udiyya kaɗai ake yin haka ba. A Amurka, a shari'ar Whren ta 1996, alƙalan Kotun Ƙoli duka tara suka amince cewa muddin direba ya karya wata dokar hanya, kome ƙanƙantarta, ɗan sanda yana da damar tsayar da shi ko da wani abu dabam yake nema a ransa, baƙaƙen fatan ƙasar kuwa sun daɗe suna kukan cewa a kansu wannan dama take ƙarewa.

A 2013 gwamnatin Sa'udiyya ta ba baƙi marasa takardu wa'adi su gyara zamansu ko su fita. Wajen mutum miliyan ɗaya suka bar ƙasar kafin wa'adin ya cika ran 3 ga Nuwamba, kashegari aka fara kame a tituna da wuraren aiki. A 2017 aka sake irin wannan gangami. Wanda aka kama a Jidda, galibi ana kai shi babban sansanin Shumaisi da ke kan hanyar Makka, ya jira jirgin da zai kai shi ƙasar da watakila bai taɓa gani ba. Shi ma mai igama bai tsira sarai ba, domin tarar da na'ura ta rubuta masa tana maƙale da lambar igamarsa, ba ya samun bizar fita ta ƙarshe sai ya biya. Na'urar Sahir tana karanta lambar mota, amma ba ta duba takardun waɗanda ke zaune a ciki. Wannan aiki har yanzu na askarin da ke tsaye a shingen ne, shi ne yake leƙa taga ya zaɓi motar da zai ce ta ratse gefe.